Buhun da Ya Tafi Bayan Mai'adua

Daura, ranar Alhamis

Zuwa ga matata Zubaida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikinki, yaya wanka, yaya 'yar baƙuwarmu Ummi? Ina fatan ta rage kukan nan na yamma da kika ce tana yi. Ki gaida mini Baba da Inna da kyau, ki yi musu sannu da ɗawainiya. Na kira wayarki sau huɗu jiya ba ta shiga ba, na tuna sai an hau tudun bayan gari ake samun sabis a ƙauyenku, shi ya sa na koma wa takarda. Amadu, mai kai mana kaya a babur, zai bi ta Mashi gobe, shi zai kawo miki.

Gida lafiya, sai dai ya yi mini girma. Saura kwana ashirin da uku ku yi arba'in, na ƙirga.

Kin tambaye ni sabon aikin nan da na ce an ba ni. Ga yadda yake. Alhaji Nagoggo ya buɗe wa kantin hanyar saye ta waya. Mutanenmu da ke Abuja da Legas da Fatakwal, har da na Saudiyya, suna zaɓar kaya daga can su ce a kai wa iyayensu. Saƙon zai faɗo a wayar da ke hannuna: shinkafa kaza, mai kaza, sukari kaza, da lambar kantar da kowane kaya yake. Ni kuma in tura keken kaya in bi layi-layi ina ɗauka, in ɗaure, in liƙa suna, in ajiye wa Amadu a bakin ƙofa. Mu uku ne masu haɗa oda. Wayar tana lissafa mintin da kowa ya ɗauka, Alhaji kuma yana duba wannan lissafi kowace yamma kamar mai duba sakamakon jarrabawa.

Da muka fara, oda ɗaya tana cin minti ashirin da biyar. Na lura tafiya ce ke cinye lokacin, don gero yana wuri uku a kantin: na ci yana gaba, na fura yana tsakiya, irin shuka kuma yana can ɗakin baya wurin taki da maganin feshi. Na ba Alhaji shawara a tara kowane nau'in kaya a layi ɗaya. Ya yarda. Jiya muka kwashe duk geron muka jera a layi na huɗu. Yau na haɗa oda cikin minti tara. Alhaji ya ce a gaban kowa, da ya samu irina biyu da ya buɗe reshe a Katsina. Ke kaɗai zan gaya wa, na ji daɗi.

Ga tiya uku na gero da kanwa da sukari Amadu zai miƙa wa Inna saboda kununki. Geron ba na kanti ba ne, a kasuwa na saya, ni na zaɓa da idona. Mai sayarwar ma ya ce na iya zaɓe.

In Allah ya yarda ranar Talata ina tafe, Alhaji ya ba ni yinin. Ki shafa mini kan Ummi.

Naki,
Sha'aban


Daura, ranar Litinin da azahar

Zubaida,

Ina gaishe ki, ina gaida Ummi da mutanen gida. Da fatan kowa lafiya. Yayanki Ikrima ya shigo gari sayen taki, zan ba shi wannan. Gobe ba zan samu zuwa ba, kuma ba na son ki ji dalili a bakin wani.

Na yi kuskure, babba. Yau da safe wani manomi ya yi odar irin gero buhu shida, na kilo goma-goma. Wayar ta ce shida ne a kan kantar. Na je na tarar da biyar. Na duba geron ci da ke gefensa, mai irin wannan buhun fari, na ga akwai rarar ɗaya. Na tsaya a wurin na sake ƙirgawa har sau uku. Ma'anarsa ɗaya ce: ranar Asabar na ɗauki buhun iri na saka wa wani a madadin geron ci.

Kin san irin nan ba geron banza ba ne. An gauraya shi da maganin ƙwari don kada tururuwa da tsuntsaye su cinye shi a rami. A jikin buhun an rubuta da Turanci kada mutum ko dabba su ci. Ni lambar kanta na kalla, ban kalli buhun ba.

Oda uku na haɗa ranar Asabar masu gero a ciki. Na kira gida biyu, duk a cikin Daura suke, sun buɗe sun ce nasu lafiya lau. Saura ɗaya. Wani ne Abdulmuhaimin, yana aiki a jirgin ruwa a Fatakwal, ya aika wa surukarsa, Inna Auta, a wani ƙauye bayan Mai'adua, dab da iyaka. A ƙasan odar ya rubuta: geron na kunun mai jego ne. Matarsa ce ta haihu, tana wanka a gidan iyayenta, kamar ke. Da na karanta wurin, sai da na zauna a kan buhun shinkafa.

Wayarsa a kashe take. Surukar ba ta da lamba a wurinmu. Amadu kuma bai kai har gida ba, jiya a kasuwar Mai'adua ya damƙa kayan ga wani maƙwabcinsu mai sayar da shanu, Malam Audi, kamar yadda mai odar ya ce a yi.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kusan minti biyar ina tunanin gyara lissafin kantar in yi shiru. Ba wanda zai sani. Sai na tuna da ƙwaryar da ke gabanki kowace safiya. Na shiga ofis na gaya wa Alhaji komai, har da cewa shawarata ce ta kawo iri kusa da abinci. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini makullin wani babur na kanti, sannan ya sake shawara ya ce wanda ya san hanya ya fi, in jira Amadu ya dawo daga kai kaya mu tafi tare. Ya ce maganar aikina sai mun dawo. Aikin ba shi ne a raina ba yanzu.

Naki geron ba ya ciki, ki kwantar da hankalinki, na kasuwa ne. Ki yi mana addu'a, ki roƙi Baba ya saka mu a tasa. Ga ƙarar babur ɗin Amadu nan.

Sha'aban


Daura, ranar Laraba

Zuwa ga Zubaida, uwar Ummi,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Ummi da Baba da Inna da duk wanda ya taya mu addu'a. Yaya ƙarfin jiki? Zan fara da abin da kike jira: ba wanda ya ci. Kowa lafiya, mai jego lafiya, jaririnta lafiya. Alhamdu lillahi. Yanzu ki gyara zama ki ji sauran.

Mun isa Mai'adua bayan azahar sosai. Malam Audi ba ya nan, an ce ya kora shanu ya tafi gida tun ranar Lahadi. Wani mai shayi ya kwatanta mana ƙauyen. Ruwan da aka yi ranar Lahadi da yamma ya ɓata hanya, sau biyu muna sauka muna tura babur. Duk inda muka wuce mutane suna gona da sungumi, mata da yara na biye suna zuba iri suna takewa. Amadu yana ta yi mini hira don ya ɗauke mini hankali, ban ji ko kalma ɗaya ba.

A ƙauyen mun sha wuya kaɗan. Mun tambayi gidan surukan Abdulmuhaimin, ba wanda ya san mai wannan suna. Sai da na ce mai aikin jirgin ruwa, wani dattijo ya ce ai sai mu ce mijin Hadiyya, ya nuna mana gida mai darbejiya a ƙofa.

Muka yi sallama muka shiga zaure. Abu na farko da na gani shi ne buhun, an ninke shi an ɗora dutse a kai. Babu ko ƙwaya a ciki. Daga cikin gida kuma ana jin daka, taɓarya biyu. Zubaida, na ɗauka mun makara.

Inna Auta ta fito. Tsohuwa ce ƙarama, hannayenta duk ƙasa, daga gona ta dawo. Na buɗe baki zan tambayi geron, ta ɗaga mini hannu ta ce in zauna tukuna. Sai da ta tambaye mu hanya, da gajiya, da mutanen Daura, da ruwa ko ya sauka a wajenmu, ta sa aka kawo mana ruwan randa. Ni kuwa ina amsawa ina kallon buhun. Da ta gama, na ce mata ni ne na haɗa kayan da aka kawo, kuma geron da ke ciki mai magani ne, ina roƙon Allah ba a daka shi ba.

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, shekarata hamsin ina shuka gero. Tun kafin in kwance bakin buhun hancina ya gaya mini. Wa zai ga gero ja kamar an yi masa lalle ya kai shi turmi?"

Ashe tana buɗewa ta gane. Amma a zatonta surukinta ne ya zaɓo shi, yaron da ya daɗe a birni ya manta kamannin geron ci. Ta ce ba za ta aika masa cewa ya yi kuskure ba, ina ita ina gyara wa suruki aike. Ba ta gaya wa 'yarta ba kada ta ji kunyar mijinta. Ba ta gaya wa maigidanta gaskiya ba kada ya raina yaron. Sai ta ce wa kowa mijin Hadiyya ya aiko musu da irin zamani saboda ya ji damina ta kusa. Allah kuma ya saukar da ruwa a yammacin. Da safiyar Litinin, lokacin da nake tsaye a layi na huɗu ina ƙirga buhuna, su suna gona suna shuka shi. Har maƙwabta biyu ta ɗibar wa, ta ja musu kunne su wanke hannu kafin su ci abinci. Kunun kuwa daga rumbunta ta ɗebo, shi ake dakawa.

Na gaya mata surukinta geron ci ya saya, mai kyau kuwa, ni ne na ɗauko wani. Nan take fuskarta ta saki. Ta ce, "Ashe dai ya san gero." Na lura wannan ya fi komai yi mata daɗi. Ta roƙe ni kada maganar ta fita a ƙauyen, don an riga an yaba masa, a bar masa yabonsa. Na yi mata alkawari. Mun bar mata buhun geron ci da Alhaji ya sa muka ɗauko, bayan ta buɗe ta shinshina a gabana, ba tare da ta ɓoye dariyarta ba.

Jiya da rana wayar Abdulmuhaimin ta shiga. Na faɗa masa yadda aka yi daga farko har ƙarshe. Ya yi faɗa, kuma yana da gaskiya, na saurara har ya gama. Da na kai wurin abin da surukarsa ta yi, sai ya sauko. Can ya ce in ƙara mata galan ɗin mai a oda ta gaba.

Alhaji bai kore ni ba. Jiya ni kaɗai ya sa na mayar da irin shuka ɗakin baya, na gero da na sauran hatsi, buhu arba'in da ɗaya, ya hana kowa taya ni. Mun ɗaura wa kowane buhun iri jan ƙyalle a wuya. Ya kuma kafa doka, duk hatsin da za a aika sai mai haɗawa ya karanta jikin buhun da bakinsa, wani ya duba kafin a ɗaure. Sauran jerin da na tsara ya ce a bar shi, yana aiki. Yanzu minti goma sha ɗaya nake yi. Da yamma ya duba lissafin ya ce minti biyun nan su ne mafi araha a kantinsa.

Saura magana ɗaya. A hanyar dawowa ina ta mamakin tsohuwar nan, ina cewa ban taɓa ganin mai kara irinta ba. Amadu ya yi dariya har babur ya yi tangal-tangal. Ya ce ai ba sai na je bakin iyaka neman irinta ba. Da na matsa masa, ya ce ranar Juma'a da ya miƙa wa Innarku geron da na zaɓa da idona, ta zuba a tafin hannu ta hura, ƙwari suka watse, na bara waccan ne duk ya zama gari. Kafin ya tayar da babur ya hango ta tana watsa wa kaji. Amma saƙon da ta ba shi ya kawo mini shi ne an gode, gero ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Kuma haka ya faɗa mini ranar, ni kuma na yi ta jin kaina.

Kada ki nuna mata na sani. Ki dai gaishe ta gaisuwa ta musamman, in ta tambayi dalili ki ce haka kawai. Ranar Asabar ina tafe in Allah ya so, kuma zan zo da wani geron. Wannan karon Ikrima zan roƙa ya raka ni kasuwa.

Ki sumbaci Ummi. Saura kwana goma sha bakwai.

Mijinki mai kewarku,
Sha'aban