Hotunan Mashayar Marlow da Kuka Ce Sun Lalace

Voula Andrianakis,
Titin Easey, Collingwood,
Melbourne.
9 ga Yuni, 2023.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Ma'ajiyar Hotunan Tarihin Unguwanni,
Melbourne.

Ranka ya daɗe,

Game da: Shirin ƙona wani kaso na fina-finan hoton da na ba ku amana

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce mai ɗaukar hoton da ta miƙa wa ofishinka, ranar 3 ga Fabrairu, fina-finan kyamara (waɗanda ake wanke hoto daga jikinsu) da ta ɗauka na makaɗan kiɗan rok a mashayar Marlow daga 1979 har aka rufe ta. Ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 30 ga Mayu jami'arka, Madam Tamsin Oakes, ta sanar da ni cewa an ware fiye da rabinsu a matsayin "lalatattu", saboda mutanen ciki sun fito dishi-dishi kamar hayaƙi, kuma za a ƙona su ranar 30 ga Yuni. Babu wanda ya tuntuɓe ni kafin a yanke wannan hukunci.

2. Ranka ya daɗe, ba lalacewa suka yi ba. A Marlow ba a ƙyalla wutar kyamara, domin tana kashe wa makaɗa ido. Bluey, mai kula da sauti, ya gaya mini tun ranar farko: "Ke 'yar Girka, ki ƙyalla abin nan sau ɗaya, in haɗa ki da shi in watsa titi!" Don haka sai in jingina kyamara da ginshiƙi, in bar idonta a buɗe ta sha ɗan hasken da ke akwai. Duk wanda ya motsa sai ya zama hayaƙi. Waɗanda suka fito tsaf su ne masu tsayawa jikin bango, hannu a harɗe, suna jiran a tashi. Su kuka zaɓa ku adana wa tarihi. Wanda ya duba zaɓinku zai rantse zaman makoki ake yi a Marlow.

3. Na bayyana wa Madam Oakes wannan ta waya ranar 2 ga Yuni. Cikin ladabi ta ce ƙa'ida ita ce a iya gane fuska. Ba na zarginta, ba a haife ta ba lokacin. Amma ni ina gane su ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido. Tun ranar ba ni da sukuni. In na bi ta gaban ginin Marlow, wanda yanzu gidajen haya ne, sai in ji ƙasa tana girgiza a tafin ƙafata kamar ana dukan ganga a ciki. Na sha waiwayawa da rana tsaka don na ji an kira sunana.

4. Cikin waɗanda za a ƙona akwai ƙanwata Despina, wadda ta rasu a 1986. Yarinyar nan ba ta san tsayuwa wuri ɗaya ba. In na roƙe ta ta natsu sai ta ce, "Yaya, in gunki kike so, ga coci can." Ba ta bar mana hoton girmanta ko ɗaya da fuska ta fito ba; waɗannan kaɗai muke da su. Mahaifiyarmu tana gidan kula da tsofaffi, kuma ta daina gane ni, takan tambaye ni ko ni ce mai kawo shayi. Makon jiya na kai mata kwafi ɗaya da na wanke tun da daɗewa, wanda duk ya koɗe. Ta ɗora yatsa a kan wani farin hayaƙi gaban dandamali, ta ce, "Despina, ba ki sa rigar sanyi ba."

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta ya dakatar da ƙonawar nan take, ya kuma ba da umarni a mayar da fina-finan cikin ma'ajiya. In babu wurinsu, a kira ni in zo da kwalina in kwashe. Na yi wa tsohuwa alkawarin sabon kwafi, kuma ba a wanke hoto daga toka.

Ka huta lafiya, tare da dukkan ladabi,

Voula Andrianakis