Labarin da Gajera ta Rubuta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan sai godiya. Inna ta koma gida makon jiya, ta ce zaman ya isa tunda ta ga ina ci ina sha. Baban yara yana fita shago da safe ya dawo da yamma. Ta'aziyyarki ta rasuwar 'yarmu Auta ta iso tun wata biyu da suka wuce. Ki yi haƙuri da ban amsa ba, in na ɗauki biro sai in rasa abin rubutawa.

Na koma aiki. Shugabar makaranta ta kira ni ofis ta ce za ta sauya mini aji, tunda ajin Auta nake koyarwa, na ce ta bar shi. Ba jarumta ba ce, Yaya, ko'ina ɗaya ne a wurina. Bencin Auta yana nan kusa da taga. Ƙawarta da suke zama tare, wadda suke kira Gajera, tana rakuɓewa a gefe ta bar mata wurinta, ba wanda ya sa ta.

Darasi ya kawo mu kan rubutun labari. Na rubuta musu a allo cewa labari yana buƙatar mutanen da abin ya faru da su, da wuri da lokaci, da matsalar da ta taso, sai yadda aka ƙare. Na ce labarin da babu matsala a cikinsa lissafin cefane ne. Shekara sha huɗu ina wannan raha ana dariya, bana sai suka sunkuya suka kwafe ta cikin littafi. Na ba su aiki, kowa ya rubuta shafi biyu kan ranar da ba zai manta ba. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Ina ɗakin malamai ina dubawa, fanka na ɗaga takardun ina danne su da kofi. Wani ya rubuta ranar da akuya ta cinye masa sakamakon jarrabawa, wata ranar da aka yi mata ƙane. Sai na zo kan na Gajera. Ranar da Auta ta faɗi ta rubuta. Ta ce tun safe Auta ke kuka da ciwon kai, ta kifa kanta a benci, har ta yi amai a bayan aji lokacin hutun tara. Gajera ta ce za ta kira ni, Auta ta riƙe mata hijabi ta sa ta rantse ba za ta faɗa ba, wai Mama na da baƙi masu duba aiki yau, kada a ruɗa ta, a bari a tashi. Gaskiya ne, ranar suka zo. Ina wannan ɗakin ina jera musu rajista, tsakanina da ita bai fi taku talatin ba, har awa huɗu. Ni abin da na sani kawai an rugo an ce ta faɗi.

Na karanta har ƙasa. Na ɗauki jan biro na gyara mata ƙugiyoyin haruffa da ta bari, na ja layi inda ta maimaita kalma, na rubuta cewa wuri da mutane sun fito sarai amma labarin ba shi da ƙarshe. Na ba ta sha bakwai cikin ashirin. Na ɗauki na gaba.

Washegari na raba musu takardunsu, da aka tashi Gajera ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙo mini tata. Ta ce ba mantawa ta yi da ƙarshen ba, ba ta san shi ba ne, don ba ta sani ba ko na yafe mata. Wata biyu yarinyar nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Na ce mata alkawari ta cika, ba ta da laifi, kuma likita ya ce ko da an kai ta da wuri sai abin da Allah ya yi. Likita bai faɗi haka ba, Yaya, ban ma tambaye shi ba. Ta faɗa jikina tana kuka, ina shafa bayanta ina kallon agogon bango. An ce da-na-sani ƙeya ce, to ni ko ita ban ji ba tukuna, ina dai jiran ta.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Baban yara bai sani ba. Kullum yana cewa abin da ke sanyaya masa rai shi ne Auta ba ta sha wahala ba, farat ɗaya ne. Takardar Gajera tana cikin jakata, na kwana shida ina kai ta ina dawo da ita. Ke kika san shi tun kafin in san shi, ki gaya mini ko in nuna masa ko in bar shi da abin da yake riƙe da shi. Duk wanda kika ce shi zan yi, don ni yanzu ba na iya zaɓen ko zanen da zan ɗaura.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babba da 'yan biyu, da Gwaggo in kin leƙa ta. Inna da Kawu suna gaishe ki. In za ki kira, ki kira da rana lokacin yana shago.

Taki,
Ƙanwarki Malama