An Hana Baba Sukari

Wad Haddad,
4 ga Rajab.

Yaya Izzuddeen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ilham da yara da mutanen Rusairis baki ɗaya.

Ka tambayi jikin Baba. Da sauƙi zan ce, don haka ake cewa, amma ya rame ƙwarai.

Ranar da muka je asibiti a Madani, Daktora Sharifa ta yi mana bayani. Ta ce ƙarin dajin da ke hanjinsa mayen sukari ne. Yana zuƙe shi daga jini fiye da lafiyayyen nama, sannan ya zubar da wani tsami a kewayensa. Sojojin jini da ke zuwa yaƙarsa sai su tarar babu abinci, ga tsami, su galabaita. Baffa Abdulmuttalib ya ji rabin farko, ya fita amsa waya. Da wannan rabin ya dawo gida ya zama likita.

Ya hana sukari a shayin Baba. Ya hana kisra da asida, wainarmu da tuwonmu na dawa, wai dawa ma sukari ce a ɓoye. Sukarin da masu dubiya suka kawo ya kwashe ya kulle a ɗakinsa. Mutumin da gonar auduga ɗaya ta gagara shekara ashirin, shi ne zai kashe daji da yunwa! Cokali uku yake zubawa a nasa shayin, a gaban mara lafiya, ko kunya babu.

Na yi shiru don ƙanin uba ne. Ganye nake dafa wa Baba.

Ƙanwarka,
Ramla.

Wad Haddad,
23 ga Sha'aban.

Yaya Izzuddeen,

Ina gaishe ka da iyali. Allah ya sa kuna lafiya.

Jiya mun koma Madani, an ƙi sa wa Baba maganin dajin. Kilo tara ya zube, daktora ta ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Da ta ji abin da yake ci, ta daɗe tana kallona. Ta ce ƙarin ba ya kwana da yunwa. In babu abinci, jiki ke narkar da namansa ya yi sukari, kuma ƙarin ne kan gaba wajen sha. Kamar mai gona a bakin tur'a, magudanar ban ruwa, ne: a rage ruwa, na can ƙarshe ke bushewa. Ashe sojojin jinin muka horar da yunwa, da Baba. Ta ba mu mako biyu ya yi ƙwari, in ba haka ba babu abin da za ta iya.

A bas Baffa sai cika baki yake, wai daktora yarinya ce, shi a waya ya gani. Ko kallo bai ishe ni ba.

Muna isowa na tuƙa asida mai laushi, na zuba madara da sukari. Yaya, Baba ya ƙi ci. Ya juya fuska bango yana hawaye, wai tsoro yake kada ya ciyar da abin. Na rantse masa abincin ba zai cutar da shi ba, ya ce ba ni ba ce kullum nake ce masa ganyen magani ne? Mako bakwai da hannuna nake kai masa, ina sane ban yarda ba. Na raina Baffa, amma na fi raina kaina.

Ka bar komai ka hau mota ranar Alhamis. Wataƙila ya karɓa daga hannunka, tunda kai ba ka taɓa yi masa ƙarya ba.

Taka,
Ramla.