Kwano a Kife

Changli, Tamale
3 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga Yayata Memunatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gidanmu na Salaga. Ni ma lafiya lau nake, karatu yana tafiya daidai.

Yaya, kwana uku ke nan ina so in rubuta miki wata magana, ina jin nauyi. Kuɗin abincin da kika aiko mini na wata biyu ya kusa ƙarewa, ga shi ko wata ɗaya bai cika ba. Ba sata aka yi mini ba. Laifina ne.

Kin san matar gidan da nake zaune ba ta girkin rana, in mun tashi daga makaranta kowa yakan nemi abin da zai ci. 'Yan ajinmu, su Hasanatu, sukan tafi wani otal da aka buɗe kusa da tashar mota bayan bikin Jamhuriya. Akwai tebur da kujeru da cokali mai yatsu, har da mai kawo abinci cikin farar riga. Ranar farko Hasanatu ta ja hannuna, na kasa cewa a'a. Da mutumin ya tsaya a kaina yana jira, sai na ce a ba ni irin nata. Haka nake cewa kullum tun daga ranar. Ban ma san sunan abincin ba, kuma ba na ƙoshi.

Ban manta da abin da Inna ta faɗa ba, cewa in kuɗin bai kai ni hutu ba, in tattara littattafaina in dawo gida. Yaya, ba na so in bar makarantar nan. Don Allah ki gaya mini yadda zan yi, kuma kada Inna ta ji tukuna.

Ƙanwarki mai biyayya,
Zaratu


Salaga
8 ga Oktoba

Zaratu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Malam Issah mai rubuta wasiƙa ne yake rubuta wannan, na kuma ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Cokali mai yatsu! Naki biyar ɗin da Allah ya ba ki, haya kika bayar? Kin biya kuɗin tebur, kin biya wankin farar rigar wani ƙato, kin taso da yunwa. Inna ta ji, a gabanta aka karanta. Ta fito da tabarmarki ta shanya.

Ba ni da abin ƙara miki, goro bai yi kasuwa ba bana. Saurara da kyau. Ki ɗauki kwanonki ki tafi Moshi Zongo, bayan maƙera, ki tambayi rumfar Mma Ashetu mai wake da shinkafa. Kada ki je da tsakar rana, bari sai an idar da azahar, tukunya ta yi ƙasa. Ruwa ki sha na randarta. Nama ba naki ba ne sai ran Juma'a. In layi ya zo kanki, ki miƙa mata kwanon a kife, da kwabo biyu a ƙarƙashi cikin tafin hannunki. Kada ki ce komai. Wannan dai na san ba zai yi miki wuya ba.

Allah ya ba ki hankali.
Yayarki


Changli, Tamale
14 ga Oktoba

Yaya Memunatu,

Gaisuwa da girmamawa. Na bi maganarki, amma ina tsoron na ci haƙƙin mutane.

Na sami rumfar. Mma Ashetu doguwa ce, muryarta har maƙera ake jin ta, kuma duk wanda ya saya sai ta shelanta abin da ya saya. Da na ga haka na so in juya, amma akwai mutane a bayana. Na miƙa kwanon a kife. Ta dube ni sau ɗaya, ta share kuɗin daga hannuna ba tare da ta duba ba, sai ta ɗaga murya:

"Wake na sisi da nama ga 'yar makaranta! Ku ba ta wuri, gobe ita ce likitanku!"

Yaya, sisi fa, ni kuwa kwabo biyu na bayar. Ta juya mana baya, ta kankaro ƙanzon gindin tukunya, ta jiƙa shi da romo mai zafi, ta watsa wake a sama, ta rufe da ganye ta ba ni. Naman dai ban gan shi ba, amma tun da na zo Tamale ban ƙoshi irin na ranar ba.

Kwana uku ke nan haka take yi, kullum tana kiran sisi. Ina jin idonta ne ba ya gani sosai, ta ɗauka sisi nake ba ta. Na kasa faɗa mata. Gobe zan daure in faɗa, ko da za ta kore ni a gaban jama'a.

Ƙanwarki,
Zaratu


Changli, Tamale
16 ga Oktoba

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ban jira amsarki ba, saboda abin da ya faru.

Jiya na tsaya har mutane suka watse, tana wanke tukwane. Na durƙusa na ce, "Mma, na cuce ki. Kwabo biyu nake ba ki, ba sisi ba."

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Ɗiyata, ni da nake gane kwabo da ƙararsa a aljihun mutum? Kin ga akawun nan mai ɗaure wuya, da ya tsaya gabanki yau? Me na kira masa?"

Na ce, "Nama biyu."

"Yaya ya miƙo kwano?"

Sai a lokacin na tuna. A kife.

Ta ce, "In wata ya yi nisa, rabin masu takalmin garin nan a kife suke zuwa. Ƙanzo nawa ne, in ban sayar ba awaki za su ci. Kira kuma bakina ne, ba a saye ba a sayarwa. Mutum ya ci na kwabo biyu, ya tashi da mutuncinsa na sisi. Wa aka cuta?"

Yaya, ban taɓa ganin mace irinta ba. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta san halin kowa daga yadda ya riƙe kwano, kuma ba ta taɓa kuskuren kira. A makaranta ana ta gaya mana mu ne za mu gina sabuwar ƙasa. Ni dai in na girma, in iya rabin abin da take yi da ludayi, ya ishe ni.

Na tambaye ta wa ya koya mata wannan dabara. Ta ce ba ita ta ƙirƙira ba. Wai shekaru goma sha biyu da suka wuce akwai wata yarinya mai tallan goro, 'yar Salaga, da takan tsaya a bakin rumfa ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin kwano don kada a ga ƙanƙantarsa. Wai kunyarta ta fi tawa, sai da Mma ta yi wata guda kafin ta ji muryarta. Ta ce yarinyar tana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu.

Na lissafa, abin da ya rage zai kai ni hutu, har da naman Juma'a. Ki gaya wa Inna.

Yaya, ke ce mai kunya?

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zaratu


Salaga
21 ga Oktoba

Zaratu,

Mun amsa gaisuwa. Inna ta naɗe tabarmar ta mayar bisa rufi. Ta ce ki yi karatu.

Masu tabo a hannu suna da yawa a Salaga. Malam Issah ya ajiye alƙalami yana leƙen hannuna, na ce ya rubuta abin da aka biya shi.

In kin je, ki durƙusa ki gaida Mma Ashetu da kyau. Akwai farin goro goma a ƙunshin nan, nata ne. Kada ki ce daga wa. Ki miƙa mata a ƙarƙashin kwano.

Yayarki