Sarƙar da ke Ƙofar Gidan su Auta

Zuwa ga ƙanena, Kawun Auta,

"Yaya, ki bar min komai. Auta ba za ta kwana a inda ni ba zan iya kwantar da 'ya'yana ba." Haka ka faɗa a tsakar gidan Inna, hannunka dafe da ƙirji, ranar da muka ji yarinyar nan ta samu jami'a a garinku amma ba ta samu ɗakin kwanan ɗalibai ba. Na sa maganarka a gaban gaisuwa ne don ka fara gaisawa da ita kafin ka gaisa da ni, na ga kamar kun kwana biyu ba ku haɗu ba.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da maman yara da yaran gaba ɗaya, Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a sana'a. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita bakin ƙofa ta yi wa masu wucewa faɗa, ka san in ta fara haka to ta warke. Babban yayan Auta ya koma bakin aiki. Ni kuma ina nan ina fama da ɗakin karatu, sai dai tun makon jiya in na buɗe littafi ba na ganin komai a ciki sai ƙofa. Na zaɓi rubutu ne saboda duk sanda na kira ka a waya, da na ambaci Auta sai injin yankan ƙarfenka ya tashi da kuka, ka ce ba ka ji na sosai. Takarda ba ta da wannan lalurar.

Bari in faɗa maka abin da na sani, don kada ka wahalar da kanka wajen ɓoye shi. Na san gidan da ka kama mata a bayan jami'a dogon lungu ne, ɗakuna na kallon juna, duk 'yan mata, ƙofar fita guda ɗaya. Na san in yamma ta yi mai gidan yakan zo ya ja ƙofar, ya zagaye ta da sarƙa ta waje, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu ya tafi gidansa a wata unguwa, ba ya dawowa sai gari ya waye ya gama karin kumallonsa. Lokacin da ka ba ni labarin gidan ba haka ka tsara min shi ba. Cewa ka yi ka samu gida mai tsaro wanda ko ƙuda ba ya shiga sai da izini, ni kuma na yi ta sa maka albarka. Ban tambaye ka ko ƙudan yana iya fita ba, don ban san akwai mai hankalin da sai an yi masa wannan tambayar ba.

Na san kai da hannunka ka ƙara wa tagarta ƙarafa, ka kafe su a bango yadda ko hannu ba ya wucewa. Na kuma san akwai wata 'yar ƙofa ta baya, wadda mai gidan ya yi maka ƙorafin wai samari na tsayawa a wajenta, ka ɗauko injinka ka yi mata walda ka liƙe ta da ginshiƙinta, kyauta, don nuna cewa kai mutumin kirki ne mai kishin tarbiyya.

Sai ga safiyar da wayar lantarki ta kama da wuta a ɗakin da ke kusa da ƙofa, inda wata ta jona hita za ta yi wanka. Katifa ta kama, labule ya kama, hayaƙi ya cika lungun nan da ba shi da mafita. Auta ta ce sun ruga ƙofar baya tukuna, suka tarar da aikinka, kuma ina taya ka murna, bai ko motsa ba. Suka dawo ta cikin hayaƙi zuwa ƙofar gaba, suna dukan ta suna ihu. Wata yarinya 'yar ajinsu ta zura hannu ta kafar ƙofar ta kama sarƙar tana ja, ga ƙarfe ya riga ya yi zafi. Tafukanta biyu sun saluɓe, yanzu ko alƙalami ba ta iya riƙewa, ga jarrabawa ta matso. Wata kuma har yau tana asibiti ana sa mata iska. Da mai facin taya na tsallaken titi bai zo da ƙarfensa ya ɓalle kwaɗon ba, da ba wasiƙa za ka karɓa daga wajena ba, zaman makoki za ka zo.

Kada ka ga laifin Auta. Ta riƙe amanar da ka ɗora mata, ta ce min mura ce. Amma ni na haife ta, na san tarinta na mura, na san wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji kamar ana jan buhu a kan siminti. Sai da na ce ta rantse sannan ta fashe da kuka, ta ce Kawu ya ce kada a tayar wa Umma hankali tunda Allah Ya kiyaye. Gaskiya ne Allah Ya kiyaye. Kai fa, me ka kiyaye?

Duk wannan da zan iya haɗiye shi in kira shi kuskure, garin neman gira aka kusa rasa ido. Abin da ya hana ni barci shi ne wanda ya biyo baya. Auta ta ce da mai gidan ya zo ya ga an ɓalle masa kwaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya yi masa ɓarna. Ta ce kai kuma da yamma ka zo da awonka, ka ƙera masa sabuwar sarƙa wadda ta fi ta da kauri, ka yi wa kwaɗon gida na ƙarfe yadda ba mai iya sa masa ƙarfe ya ɓalle shi kuma. Bango na nan baƙi ƙirin, warin ƙonanniyar katifa bai bar gidan ba, kai kana gyara abin da ya kusa kashe su. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Kai fetur ka nemo.

Na san daga inda abin ya samo ka, don ina wurin. Ina tuna ranar da ɓarayi suka ɓalle ƙyauren gidanmu suka fasa wa Baba kai, kana ƙarami kana maƙale a bayana. Tun daga ranar duniya ta rabu maka gida biyu, akwai na waje mai cutarwa, akwai ƙarfen da zai tare shi, har ka girma ka mai da abin sana'a. Ban taɓa yi maka dariya a kan haka ba. Amma ɗan'uwana, ba duk mugun abu ne ke shigowa ta ƙofa ba, wani a cikin ɗaki yake tashi. Na karanta labarin gidajen kurkuku da yawa a rayuwata, ko a can akwai mai gadi da ke kwana da makulli a ƙugunsa.

Kuma ka cire wa ranka cewa zan ce ta tattaro ta dawo gida. Ka san irin tsayuwar da na yi da baffanninta bayan rasuwar mahaifinta kafin su bar ta ta tafi karatu wani gari, har yau kunnensu na nan a buɗe suna jiran labari irin wannan don su ce ai sun faɗa. Ba zan miƙa musu karatunta a faranti ba, ba kuma zan bar ta tana kwana tana ƙirga numfashinta a bayan sarƙa ba. Abin da nake nema bai fi ƙarfinka ba, aikin yini guda ne a wajen mai sana'a irinka. Ka yanke waldar ƙofar baya ka sa mata sakata ta ciki. Ka mai da ƙarafan tagarta masu buɗuwa daga ɗaki. Ka samu mai gidan ka gaya masa, da bakin nan naka da yake jin maganarsa, cewa ko dai makulli ya kwana a hannun yaran, ko ya nemo mai gadin da zai kwana a bakin ƙofar. In ya ƙi, ka ɗauke ta ka kai ta gidanka, ta kwana da ƙannenta ko a tabarma ne, har mu samu wani wurin da ni zan gani da idona.

Ka gaishe min da maman yara da kyau, ka ce na gode da abincin da take aika wa Auta, ita dai ba ta gaza ba. Ka gaishe da babbar 'yarka da 'yan biyu da ɗan autanku. Inna tana gaishe ka, tana tambaya ko 'yar jikarta ta saba da garin. Na ce mata ta saba. Ban saba yi wa Inna ƙarya ba, kuma ba zan daɗe ina yi ba.

Na ba ka zuwa ranar Alhamis. In rana ta faɗi Auta ba ta kira ni ta ce ta buɗe ƙofar bayan nan da hannunta ta fita ta dawo ba, Juma'a da safe zan zaunar da Inna in gaya mata komai, har da hannun yarinyar mutane. Daga nan zan shiga mota. Ba gidanka zan sauka ba. Layin masu walda zan nufa, in wuce ta gaban shagonka, in ɗauki wanda ke kusa da kai da injinsa, a gaban abokan sana'arka, in gaya masa aikin wa za mu je mu yanke da dalilin yanke shi.

Wassalam.

Yayarka,
Umman Auta