Takardar da Auta Ya Ɓoye

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin sauka lafiya. Yaya mai jego da jaririnmu? Tun da Auta ya bugo waya ya ce an samu namiji, na kasa riƙe sufana. Famfon maƙwabta ma na baro shi yana zuba.

Yau Auta ya ba ni izinin gaya miki abin da muka ɓoye shekara goma sha huɗu. Aikin da aka yi masa yana ɗan shekara sha biyar ba na kaba ba ne, kamar yadda na ce miki.

Kin tuna lokacin da na fara zuwa ajin yamma, kowace takarda na gani sai na ɗauka in gwada karatu? Wata rana na tsinci ɗaya a ƙarƙashin katifarsa, na tafi da ita aji ina alfahari. Na miƙe ina haɗa baƙi da ƙarfi, sai malaminmu ya karɓe ta, ya ja ni waje. Ashe likitan makarantarsu ne ya rubuto cewa a kai yaron asibiti, jijiyoyin marainansa na hagu sun kumbura. Kunya ta sa ya ɓoye, yana ganin ai Baba bai iya karatu ba.

A asibiti na ishi likita da tambaya. Ya ce jinin da ya kamata ya hau sama ne yake dawowa ya taru, wurin ya yi zafi. Na ce ai bawul ne ya lalace, irin na famfo mai hana ruwa dawowa, sana'ata ce! Ya yi dariya, ya fito da wani abu kamar carbi mai 'ya'ya manya da ƙanana, ya gwada girman marainan yaron da shi. Na hagun ya kasa na daman girma. Ya ce idan aka bar shi haka, zafin yana iya rage ƙwayoyin haihuwa. Aka ɗaure jijiyoyin, bayan shekara biyu na hagun ya kamo ɗan'uwansa.

Amma da suka yi shekara huɗu da aure shiru, kina ta yi wa surukarki addu'a, ni kuwa ina ta tunanin wancan aikin. Har yau ina so in sani: aikin ne ya taimaka, ko da ma rabon yana tafe? Likitan ya ce da yawa masu wannan lalura suna haihuwa ba aiki.

Ki yafe min ƙaryar. Ki kuma duba min, kunnuwan wa ya ɗauko?

Takardar tana nan cikin littafina na aji. Idan yaron nan ya kai sha huɗu ba na raye, ke za ki sa a duba shi. Kada ki jira ya faɗa da bakinsa, jinin ubansa ne.

Ki gaishe min da kowa.

Naki har kullum,
Mai gyaran famfo, sabon kaka