Shinkafar Bakin Ƙofa

Greensboro, North Carolina
Lahadi, 3 ga Disamba, 2006

Zuwa ga Baffa Ma'aruf,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Baffa, kafin komai ina neman afuwa. Na san ba tarbiyyar gidanmu ba ce yarinya ta ɗauki biro ta rubuta wa yayan mahaifinta takarda kai tsaye, balle ni da ko a gida iyakata in durƙusa in gaishe ka, in ajiye ruwa in fita. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa. Ina fatan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Sakina da dukan mutanen gida. Yaya aka ji da girbi da casa? Allah Ya sa albarka a abin da aka samu, Ya ƙara maka lafiyar gwiwar nan da Baba ya ce tana damun ka.

Mu nan lafiya, sai sanyi da ya fara shiga ƙashi. Baba yana nan a babban siton da yake aiki ta wajen McLeansville, amma tun watan Satumba aka rage musu kwanakin aiki. Mama tana zuwa shagon kitso, ciwon bayanta yana tashi yana kwanciya. Bebi ta shiga aji ɗaya, ta yi ta fama da tari har sau biyu ana kai ta asibiti, yanzu da sauƙi. Idan an yi mata magana da Hausa tana ji sarai, sai dai ta amsa da Turanci, Mama ta ce saura ta fara yi mana atishawa da Turanci. Na kawo maganar aikin Baba da tarin Bebi ne don suna da alaƙa da abin da ya sa na rubuto.

Gidan da muke haya bene ne, mu muna sama. Ƙofarmu da ta maƙwabta suna kallon juna, matakala ɗaya muke hawa. Maƙwabtan mutanen wani tsibiri ne da ake kira Bali, a ƙasar Indonesiya, kuma ba Musulmi ba ne, addinin Hindu suke yi. Uban yana dafa abinci a wani otal, uwar kuma, da ake kira Ibu Wayan, tana gida. 'Yarsu Kadek sa'ata ce, ajinmu ɗaya na koyon Turanci. A watan Oktoba malamarmu ta haɗa mu biyu-biyu, ta ce kowa ya rubuta bayani a kan abincin garin abokinsa. Da na ce wa Kadek daga Kura nake, garin shinkafa, kuma baffana ne mai lura da rabon ruwan kanal a layinsu, sai ta riƙe hannuna kamar ta ga 'yar'uwa. Ta ce kakanta ma aikinsa ke nan.

Baffa, na zaci mun san shinkafa, sai da na ji yadda su suke kiran ta. Tana tsaye a gona sunanta padi. An casa ta tana cikin ƙaiƙayi, abin da muke ce wa shanshera, sunanta jijih. An surfe ta ta zama baas, an dafa ta kuma nasi. Ko ƙanzo yana da suna, entip, kuma su ma yara faɗa suke yi a kansa. Manoman da suke shan ruwa daga magudana ɗaya ƙungiya guda ce, subak, shugabansu kuma pekaseh. Shi ke cewa yau gonar wane za a sakar wa ruwa, gobe ta wane, shi ke raba rigima idan wani ya toshe wa na ƙasa da shi. Kadek ta ce ashe ni ɗiyar pekaseh ce ban sani ba. Ta kuma ba ni labarin wata 'yar wuƙa da kakarta take yankan zangarniya da ita ɗaya bayan ɗaya, tana ɓoye ta a tafin hannu wai don kada shinkafar ta tsorata. Na yi dariya, sannan na tuna yadda kake hana mu taka ko ƙwaya ɗaya a wurin casa, sai dariyar ta tsaya. Duk na rubuta su a wani ƙaramin littafi.

A nan laifina ya fara. Ban samu waɗannan kalmomi a makaranta ba. A kicin ɗin Ibu Wayan na same su, kowace Talata bayan an tashi, alhali na ce wa Mama ina tsayawa a laburare. Na ji tsoron idan na nemi izini a hana ni, ni kuma ba ni da wata ƙawa a garin nan sai Kadek.

Tun kafin haka, Mama ta fara ganin wani abu a saman matakala, tsakanin ƙofofin biyu. Kullum da safe akwai ɗan ganye yankakke, bai fi akwatin ashana ba, da 'yan ƙwayoyin dafaffiyar shinkafa da gishiri a kai. Da farko ta share. Da ta ga kullum sai an sake ajiyewa, ga aikin Baba ya ja baya, ga Bebi ba ta barci don tari, sai hankalinta ya tashi. Ta faɗa wa Anti Zahara, abokiyar aikinta 'yar Maraɗi. Anti ta ce ai wannan ko makaho ya shafa ya san sammu ne, wa ya taɓa ganin an zuba wa matakala gishiri don tana jin yunwa. Tun daga ranar Mama ba ta taɓa shi da hannu, da doguwar tsintsiya take ture shi tana karanta Falaƙi da Nasi, kuma ta hana Bebi tsallakawa, ɗaukar ta take yi.

Ni kuwa na san ko mene ne. Sunansa saiban. Idan matan Bali suka sauke tukunya, kafin kowa ya ci, sukan ɗebi kaɗan su ajiye a wajen murhu, da wajen ruwa, da bakin ƙofa, don godiya ga abin da suke bauta wa, kuma a ganinsu kada mutum ya ci shi kaɗai. Ibu Wayan ta ce uwarta ta yi, kakarta ta yi, kuma idan ba ta yi ba abincin ba ya wuce mata. Ba ta san sunan Baba ba ma balle ta yi masa asiri. Da ta ga ana sharewa kullum, cewa ta yi maƙwabciyarta akwai tsafta. Baffa, ni ban yarda da abin da suke bauta wa ba, addininsu daban namu daban, kuma ban taɓa barin salla ba. Amma dole in faɗa maka, wata rana ina zaune tana yanka ganyen ayaba da almakashi, hannunta ya gaji, na karɓa na yanka mata guda shida. Sai daga baya na gane abin da za a ɗora a kai. Na yi istigfari ban san adadi ba, har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Kuma duk safiya ina kallon Mama tana ture ganyen, ina da maganar da za ta kwantar mata da hankali, na yi shiru don kada a gane inda nake zuwa. Gaskiyar masu cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ranar Larabar da ta wuce suka yi wani babban bikinsu, Galungan. Da la'asar Ibu Wayan ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da faranti a rufe, shinkafa ce rawaya da soyayyen kifi da ayaba. Suna da al'adar kai wa maƙwabta abinci ranar biki, suna ce mata ngejot. Kadek ta riga ta faɗa mini cewa a ƙauyen uwarta akwai Musulmi, don haka ta san dokarmu. Sabuwar tukunya ta saya don mu, ba ta sa nama ko kaɗan ba, kuma ta zuba namu tun kafin a kai komai wurin bautarsu, domin abincin da aka sauko da shi daga can sunansa daban, lungsuran, kuma ba a ba wa Musulmi shi. Mama ta tsaya a bayan ƙofa ta ƙi miƙa hannu. Baba ne ya karɓa, ya yi godiya a taƙaice. Da Ibu Wayan ta koma ciki, ya sauka ya juye abincin a babban kwandon shara na bakin titi. Tagar kicin ɗinsu tana kallon wurin. Washegari a bas ɗin makaranta Kadek ta zauna kusa da ni kamar kullum, sai da za mu sauka ta tambaye ni ko yaji ne ya yi yawa.

A ranar Baba ya ce abin ya isa, daga bakin ƙofa an shigo har cikin tukunya. Ya zaunar da ni, tunda Turancina ya fi na kowa a gidan, ya sa na rubuta wa ofishin masu gidan ƙara cewa maƙwabta suna zubar da abinci a matakala yana jawo kyankyaso da ɓeraye. Ya ce Turawa ba su san sammu ba amma sun san ɓera. Baffa, an taɓa yi musu gargaɗi sau ɗaya a kan tururuwa, kuma Kadek ta ce manajan ya gaya musu idan aka sake kai ƙara ba za a sabunta musu haya ba. Tasu tana ƙarewa ƙarshen watan nan. Uban ba shi da mota, wannan gidan ne kan layin bas ɗin da ke kai shi aiki. Da hannuna na rubuta takardar. Baba ya ce in miƙa ranar Juma'a, na yi ta jan ƙafa har aka rufe ofis. Gobe Litinin ba ni da sauran dabara.

Baffa, na ajiye biro a nan bayan azahar, yanzu na dawo. Da na karanta abin da na rubuta maka sai na ji kunya, na ga ina shirin faɗa wa wanda ke Kura abin da na ɓoye wa wanda ke falo. Na je na durƙusa gaban Baba da Mama na faɗi komai, har maganar laburare da ta almakashi, na ba su littafin. Mama ta ce ashe wata biyu ina kallon ta tana faɗa da ganye kamar mahaukaciya, ta tashi ta shiga ɗaki. Wannan ta fi duka zafi, kuma na cancanta. Baba ya daɗe yana buɗe littafin. Ya tsaya a kan pekaseh, ya tambaye ni ko da gaske har can ana faɗa a kan ruwa, na ce haka Kadek ta ce. Ya ce ya ji, wataƙila ba sammu ba ne, amma abin bautar wani ne a hanyar da 'ya'yansa suke bi, kuma 'yarsa ta sa hannu a ciki ta yi masa ƙarya. Ya karɓi takardar ƙarar ya sa a aljihu, bai yaga ba. Ya ce shi ba zai yanke ba sai ya ji ta bakin Yaya, kuma in gama wannan wasiƙa in ba Malam Husaini da zai tashi zuwa Kano ranar Laraba. Baba zai kira ka Lahadi mai zuwa. Abin da ka ce shi za a yi.

Ba ni da bakin gaya maka abin da za ka ce, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Idan na yi zunubi da almakashin nan, ka faɗa mini abin da zan yi in wanke. Idan ka ce kada in ƙara shiga gidansu, ba zan shiga ba. Roƙona ɗaya, kada a fitar da su cikin sanyin nan a kan ɓeran da babu shi, da rubutun hannuna. Na tabbata idan aka yi wa Ibu Wayan magana za ta mayar da ganyen cikin ƙofarta, ba wanda ya taɓa tambayar ta ne. Kuma na tuna Malam Longji, malamin gona da ya zauna a gidan da ke jikin naka. Duk Kirsimeti matarsa takan aiko da shinkafa, kai kuma duk layya kakan ce a cire musu cinya tun kafin a raba. Ni kake aika da kwanon, kana cewa kada in dawo sai na ga sun karɓa.

Farantin Ibu Wayan yana nan wurinmu. Mama ta wanke shi sau uku ta ɗora a kan firij. Ba ta yarda ta mayar da shi da abinci ba, kuma ta kasa mayar da shi haka nan, ta ce ita ba a haife ta a gidan da ake mayar da kwano ba komai ba. Kadek ta ce su ma haka ne a wurinsu. Babbar Salla saura mako huɗu, daidai da ƙarewar hayarsu.

Ka gaishe mini da Inna Sakina, da Gwaggo Hurera, da Yaya Hamisu da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni. Mama da Bebi suna gaisuwa. Idan ban ɓata maka rai da yawa ba, Baffa, ina neman izini in ƙara rubuto maka sau ɗaya bayan Salla, in faɗa maka ko farantin ya tsallaka matakala, da kuma abin da ke cikinsa.

Wassalam. Ɗiyarka,
Ilham